Inda Aka Tsaya: Daga Allo zuwa Kaset da Memori a Ƙasar Dakoro

Kaset ɗin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963 yana da wata baiwa da masu sayensa ba su san suna morarta ba sai da ta kuɓuce musu. Idan aka danna maɓallin tsayawa, zaren yana tsayawa cak a inda yake. A nan zai kwana, a nan zai yi wata ko shekara, ko an zare batir, ko an ɗauke kaset ɗin daga Maraɗi an sa shi a wata rikoda a Kornaka. Yau a ƙasar Dakoro, kamar sauran ƙasar Hausa, sauraro ya koma kan salula da ƙananan rediyoyin nan masu cin memori, kuma kukan da ya biyo su kowa ya san shi: mutum ya yi nisa cikin tafsirin awa 2, caji ya ƙare ko kira ya shigo, ya dawo ya tarar malam ya koma kan addu'ar buɗe majalisi. Galibi ana ɗaukar wannan halin kaya masu araha ne, a yi tsaki a wuce. A ganina maganar ta fi haka. Riƙe wurin da aka tsaya aiki ne mai zaman kansa, kuma duk tsawon tarihin karatu da sauraro a wannan ƙasa akwai mai yinsa, ko mutum ko wani abu da ake riƙewa a hannu. Da sana'ar sayar da sauti ta yi ƙaura daga kaset zuwa memori, wannan aiki ya faɗi a hanya, mai tura sauti a memori bai ɗauka ba, na'ura ma ba ta ɗauka ba.

Yanayin zaman Dakoro ne ya sa abin ya fi fitowa fili a can. Garin ba tsoho ba ne idan aka gwada shi da Katsina ko Tibiri. Turawan Faransa ne suka mai da shi mazaunin mulki a ƙarshen shekarun 1940, sama da kilomita 100 arewa da Maraɗi, a gefen kwarin Tarka, daidai inda gonakin hatsi suke ƙarewa dajin kiwo ya fara. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa a Nijar ma ta wannan yanki ta ratsa. Mutanen irin wannan wuri ba sa samun dogon zama a jere. Bafillace ko Buzu mai bin dabba yana sauraro ne tsakanin rijiya da makiyaya, mace tsakanin daka da ɗiban ruwa, direba tsakanin Sabon Mashi da Dakoro, ɗan ci-rani a bakin aikinsa a Kano ko Agadas. Abin da suka fi so su ji kuwa dogo ne: tafsiri, karatun littafi, wa'azi, labari. Wanda yake cin dogon karatu a guntun lokaci, komai nasa ya rataya ne a kan ya dawo ya tarar da wurinsa.

Tun kafin wata na'ura ta iso, makarantar allo ta riga ta warware matsalar. Allon almajiri yana ɗaukar karatun da yake kai ne kawai, kuma ba a wanke shi sai malam ya ji biyawar ya gamsu, sannan a yi ƙari. Duk wanda ya ɗaga allon yaro ya san inda yaron yake, ko da shi ya manta, ko da malaminsa ya yi tafiya. Ga kuma rabon da aka gada: izu 60, kowane izu sumuni 8, jimla 480, kowane yanki ana kiransa da kalmar da ya fara da ita, shi ya sa idan aka ce yaro yana Sabbi ko ya shiga Amma ba a bukatar ƙarin bayani. Hatta Alƙur'anin rubutun hannu, wanda alarammomi suke rubutawa da ruwayar Warshu a ajiye cikin gafaka, warƙoƙinsa a sake suke ba ɗinki, amma marubuci yakan sa kalmar farkon warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, don idan iska ta watsa su a iya jera su daidai. A karatun zaure ma haka ne. Mutum goma za su zauna gaban malami ɗaya, wannan da Ahalari, wancan da Iziyya, wani da Risala, kowa ya buɗe inda ya kwana jiya, idan ya yi tsallake malam ko na kusa da shi ya mai da shi baya. Abu biyu ne suka riƙe wannan tsari. Ana yanka dogon abu gunduwa-gunduwa, kowace da sunanta, sannan ba a barin alamar a wuri ɗaya: tana kan allo, tana wurin ɗalibi, tana wurin malam. Da waɗannan biyun ya kamata a auna duk abin da ya zo daga baya.

Rediyo ya ɗauke alamar daga hannun mai sauraro ya kai ta tasha. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Nijar, wanda daga baya ya zama Muryar Sahel, a 1958, Rediyon Kaduna a 1962, kuma a wannan shekarar ce aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar, inda jagora yake tara mutanen gari su saurari shiri tare, a ɗauki ra'ayinsu a aika Yamai. A ƙarshen shekarun 1960 Kaduna ta fara watsa tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello, daga baya aka ƙara na Sheikh Ɗahiru Bauchi, gajeren zango kuwa ba ruwansa da iyakar Jibiya. A wancan zamani mai gabatarwa ne yake tuna wa jama'a inda aka kwana kafin a ɗora. Tafsirin azumi da kansa haka yake tafiya, malam ya rufe a kan wata aya, baɗi ya buɗe a kan mai bi mata, har a sauke cikin shekaru. Aibinsa dai wanda ya makara ya rasa, sai ya tambayi maƙwabci.

Kaset ne ya mayar wa mai sauraro da ikonsa. Ya yaɗu a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya cika Nijeriya, na yuraniyom ya shigo Nijar, Alhazan Maraɗi kuma suna tsakiyar cinikin da ke ratsa iyaka. Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafi, kaya su bi ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa su sauka Maraɗi, daga nan ƙananan 'yan kasuwa su haura da su arewa. Mai kaset yana da asalin da yake kwafa daga gare shi, da rikoda mai baki biyu, da biron rubuta suna. A teburinsa Shata da Ɗankwairo da Ɗan Anace suna jere, daga baya Sa'adu Bori na Maraɗi ya shigo, bayan kafa Izala a Jos a 1978 kuma kaset ɗin wa'azi da na raddi ya zama kasuwa guda, kowane ɓangare da malamansa. Abin lura shi ne ƙirar abin. Zaren yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, kaset mai minti 90 yana ɗauke da zare kusan mita 130, minti 45 a kowace fuska. Wurin da aka tsaya wuri ne na gaske a jikin zaren, ana ma hango shi ta 'yar tagar tsakiya, naɗin wannan gefe yana raguwa na wancan yana ƙaruwa. Kamar gona ce da manomi ya tashi daga nomanta da azahar, ba sai ya rubuta inda ya tsaya ba, ciyawar da ta rage ita za ta gaya masa gobe. Ƙarancin zaren kuma ya tilasta wa mai sana'a abin da makarantar allo take yi da gangan. Tun da karatun awa 3 ba zai shiga kaset ɗaya ba, dole ya yanka shi, ya rubuta na 1, na 2, ya sa sunan sura ko babin da ke ciki, in ba haka ba shi kansa zai rikice gaban mai saye. Don cinikinsa ya yi, amma mai sauraro ne ya ci moriyar.

Za a ce wannan begen tsohon zamani ne kawai, kuma mai faɗin haka yana da hujja. Kaset ya sha wuya a ƙasa irin Dakoro. Zafin bazara yakan lanƙwasa shi a gaban mota, ƙurar hunturu takan cinye kan rikoda, injin yakan tauna zaren a zauna ana warwarewa ana liƙi da jan farce, tsadar batir kuwa ta sa ake zura biro a juya shi da hannu. Kafin a kai kwafi na biyar murya ta dushe. Bayan haka alama ɗaya tak yake riƙewa, idan maigida ya tsaya a tsakiyar fuska ta biyu yaro ya zo ya juya, shi ke nan. Duk gaskiya ne, kuma ba mai hankalin da zai nemi a koma. Sai dai a dubi irin ɓatan. Idan alamar kaset ta ɓace an san wanda ya ɓatar da ita, ana iya yi masa faɗa, neman wurin kuma ba ya wuce cikin minti 45. Ba ta taɓa ɓacewa da kanta cikin dare ba.

Faifan CD ya yi ɗan zamaninsa, shi ne ma ya fara koya wa mutane cewa ana cire faifai a mayar ya koma farko. Amma salula ce ta binne kaset. Kamfanin salula na Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, katin microSD da kowa yake kira memori ya fito a 2005, girmansa milimita 15 da 11, kuma cikin 'yan shekaru shi da Bluetooth suka zama hanyar da sauti yake bi a Sahel ba kanti ba intanet. Misalin da duniya ta sani daga maƙwabta ya fito: Mdou Moctar, mai jita ɗan jihar Tawa, ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bi waya zuwa waya har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su a arewacin Mali ya sa ɗaya a tarin da ya fitar a 2011. Mai kaset ya koma mai turawa, ko yaronsa ya koma: rumfa a tasha ko bakin kasuwa, kwamfuta ɗaya, janareto ko farantin sola, jerin wayoyi suna caji, mai saye ya miƙa memori ya ce a cika masa, rabi wa'azi rabi waƙa. Ribar da jama'a suka samu ba ƙarama ba ce. Memori mai giga 2 yana ɗaukar kusan awa 70 na magana mai daɗin ji, abin da zai cinye kaset fiye da 40, wato tafsirin azumi guda daga buɗewa zuwa rufewa. Ta haka karatun Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a 2007, ya isa ƙauyukan da bai taɓa takawa ba.

To, a ina wurin ya ɓace? Fayil ɗin MP3 ko an saurare shi sau dubu yana nan yadda aka tura shi, ba abin da ya motsa a jikinsa. Wurin da aka tsaya ya koma lamba, daƙiƙa ta kaza, kuma dole na'ura ta rubuta lambar a wani wuri dabam tare da shaidar fayil ɗin da take nufi. Kowane ɗaya cikin biyun yana iya kuskurewa. Idan batir ya mutu farat ɗaya kafin a rubuta, babu lamba. Da yawa daga ƙananan rediyoyin nan masu jan lambobi a fuska ba su san sunan fayil ba, matsayinsa a jeri suka sani, jerin kuma yana bin yadda aka zuba kaya a memori ne. Ranar da aka koma wurin mai turawa ya goge wasu ya ƙara wasu, lambar da jiya take tafsirin Suratul Kahfi yau waƙar biki ce. Manhajojin kiɗa na salula kuwa don waƙar minti 4 aka gina su, wadda ba mai damuwa ya ci gaba daga tsakiyarta, saboda haka da yawansu abu na ƙarshe kaɗai suke tunawa, da an taɓa wani sauti sun manta na baya. Sai kuma sunaye. Abin da ya biyo ta WhatsApp yana zuwa da suna mai farawa da AUD, sai kwanan wata da lamba, ba sunan malam, ba sura, ba darasi na nawa. Wanda aka sa wa lamba ma, in ba a sa sifili a gaba ba, na'ura takan jera 1, 10, 11, 12, sai can ta kawo 2. Iyakar minti 45 da take tilasta yanka ta kau, fayil ɗaya yana iya kai awa 3, maɓallin gaba kuma sai an danne shi yake gudu, idan yatsa ya kuskure ya tsallaka fayil na gaba ɗungurungum. Yanka da sa suna ya tafi, ajiye alama a wuri fiye da ɗaya ya tafi, duka a lokaci guda.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce a yi haƙuri, wannan ciwon rashi ne, idan manyan wayoyi da intanet suka wadata zai warke. Halin waɗanda suka riga suka wadata bai nuna haka ba. A Turai da Amurka akwai masu ajiye ƙaramar kwamfuta a gida ta zama rumbun sauti, su sa mata manhaja irin Plex ko Jellyfin ko Audiobookshelf, tana rarraba littattafan sauraro ga wayoyi da lasifikokin gidan. Wutarsu ba ta cika ɗaukewa ba, amma ɓacewar wurin da aka tsaya tana cikin koke-koken da suka saba yi, dalilan kuma 'yan uwan na Dakoro ne. Waya tana aika wa rumbun lambar daƙiƙa lokaci-lokaci, idan tsarin tattalin batir ya kashe manhajar kafin saƙon ƙarshe ya fita, rumbu ya zauna a tsohon wuri. Idan an saurara a mota ba rezo, aka dawo aka buɗe wata na'ura mai riƙe da lambar jiya, wadda ta yi magana daga ƙarshe tana iya shafe ta gaskiya, balle idan agogon ɗayarsu ba daidai yake ba. Idan aka sauya sunan fayil ko aka matsar da shi wata folda, rumbu yana iya ɗaukarsa sabon abu, tsohuwar alama ta rasa abin da take nunawa. Mai gyaran irin wannan rumbu tambayarsa uku ce kullum: wa ya rubuta lambar, yaushe ya rubuta, da me ya gane fayil ɗin. Kamfani kamar Amazon ma sai a 2012 ya fito da tsarin daidaita wuri tsakanin littafin karantawa da na sauraro, ya kuma tallata shi a matsayin abin alfahari. Idan haka abin yake inda komai ya wadata, to rataya alamar a kan intanet a ƙasar da Nijeriya ta yanke wa wuta a watan Agustan 2023, aka yi watanni ana rabon kuran unguwa-unguwa, ƙara nisa ne kawai tsakanin mai sauraro da wurinsa.

Makafi sun fi kowa sanin darajar wannan aiki, hanyar da suka bi kuma abin dubawa ce. An fara yi musu littattafan sauraro a kan faifan garmaho a Amurka da Ingila a shekarun 1930, suka koma kaset, da zamanin kwamfuta ya zo ɗakunan karatunsu suka haɗu a 1996 suka kafa ƙungiyar DAISY. Abin da tsarinta ya sa a gaba shi ne a raba sautin bisa babi da shafi, yadda mai sauraro zai nemi a kai shi shafi kaza. Sun koma ga yanka da sa suna ke nan. Ba sai an je nesa ba ma, shaidar tana cikin memorin mutanen Dakoro. Karatun Alƙur'ani zalla, tun daga na Sheikh Mahmud Khalil al-Husari da aka ɗauka cikakke a Masar a 1961 har zuwa na alarammomin yau, ana tura shi ne fayil 114, daga 001 zuwa 114. Da wuya a ji mai kukan ya ɓace a cikinsa, in ban da dogayen surorin farko, domin ko rediyo ya manta, mutum ya san surar da yake. Inda fayil ya gaji tsohon rabo, matsalar ƙarama ce. Inda take da girma shi ne abin da bai gaji komai ba: tafsirin da aka ɗauka a dunƙule daga buɗewa zuwa addu'ar tashi, karatun Hadisi, da littattafan Hausa da ake karantawa awa 5 a jere a sauke daga YouTube.

Akwai wata hujja mai kama da ta malamai, cewa maimaici ba asara ba ne, ai da tilawa ake hadda, wanda ya sake jin farkon darasi ya ƙaru. A kan waƙa wannan daidai ne, ba wanda ya taɓa jin haushi don Bakandamiyar Shata ta koma farko. Amma tilawa maimaici ne da aka zaɓa, kuma gardi yana zagaye izu 60 ɗin ne duka, ba ya tsayawa yana nanata na farko. Na'ura mai mantuwa dabam take yi wa mutum. Wanda lokacinsa minti 20 ne yau, minti 20 gobe, zai haddace gabatarwar malam da gaishe-gaishen manyan baƙi, ƙarshen darasi kuwa ba zai kai ba. A majalisin tafsiri da na wa'azi kuma sau da yawa a ƙarshen ne ake amsa tambayoyi, a nan ake kawo togaciya, a nan malam yake cewa hukuncin ɗazu yana da sharaɗi kaza, wanda ya ji rabin fatawa kuwa ya fi wanda bai ji ba shiga haɗari. Nauyin ma ba daidai yake faɗa wa kowa ba. Ɗan boko mai babbar waya zai ja layi da yatsa ya nemo wurinsa. Tsohuwa a ƙauyen Ajekoriya ko makiyayi a dajin Gadabeji, waɗanda aka ce sauti ya zo ya hutar da su daga bukatar karatu, su aka bari da na'urar da ba a gane wuri a cikinta sai da karatu. Gaskiya ne tafsiri yana da ɗan taimako a cikinsa, tun da mai jan baƙi yana karanta aya kafin a fassara, mai sani yana jin ayar ya gane ko ya wuce ko bai kai ba. Wannan ma gadon allo ne, wanda ya yi allon kaɗai yake cin moriyarsa.

Masu ƙera rediyon a Sin ba su san tafsirin awa 2 ba, ba kuma za su sauya ƙira don kasuwar Sakabal ba. Gyaran yana hannun wanda ya ɗauki karatun da wanda ya tura shi. Kwamitin masallacin da ya iya sayen lasifika da na'urar ɗauka ya iya sa yaro ɗaya ya yanka kowane zama gida-gida, minti 10 ko 15, daidai inda mai jan baƙi ya ɗauki sabuwar aya. Manhajar yin haka irin Audacity kyauta ce tun shekarar 2000. A farkon kowane yanki a faɗi sunan malam da sura da aya da baki, don wanda ba ya karatu ya ji da kunnensa. Suna ya fara da lamba mai sifili a gaba, 001, 002, kowane karatu da foldarsa, a zuba su bi da bi, sabon kaya kuma a ƙara shi daga ƙarshe ba a taɓa na farko ba. Mai bin dogon karatu ya ware masa memori guda, waƙa da fim su zauna a wani. Za a ce mai turawa da ke karɓar 'yan daloli a kan cika memori ba shi da lokacin wannan. Ai sau ɗaya ake yankan, kwafi dubu su biyo baya, ubangidansa mai kaset kuwa ya yi wanda ya fi wannan wahala, da biro, a kan kowane kaset da ya sayar. A kasuwar da kowace rumfa take da kaya iri ɗaya daga tushe ɗaya a farashi ɗaya, tsari ne kaɗai abin da wani zai fi wani da shi. Masu turawa na tashar Dakoro da kwamitocin tafsiri na jihar Maraɗi, kafin azumi mai zuwa ku yanka karatun bana ku sa masa lamba. Kai kuma mai saye, ranar da ka miƙa memorinka, ka tambaya ko a yanke yake kafin ka biya.